Sharhi kan hidimar nas a gida: me ake saya da kuɗin, kuma ina ake samun tangarɗa

Idan asibiti ya sallami dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, yawanci ana dawowa da shi gida ne da robar abinci a hanci, da robar fitsari, da ledar magunguna. Iyalin da a da dubiya kawai suke zuwa sai su wayi gari aikin asibitin kaf ya dawo kansu. Wannan giɓin ne hidimar jinya a gida take cikewa. Kamfanoni masu zaman kansu da ƙananan asibitoci a Kano, Kaduna, Abuja da sauran birane suna turo nas ta kula da majinyaci a ɗakinsa, ko dai ziyarar awa ɗaya zuwa biyu don wankin ciwo da allura, ko aikin awa 12 na rana ko na dare, ko kuma ta tare a gidan baki ɗaya.

A ganinmu hidimar tana da amfani ƙwarai, ta fi a bar mara lafiya a hannun 'yan uwan da ba a koya wa komai ba. Sai dai ingancinta ya rataya ne kacokan a kan halin wadda aka turo. A asibiti akwai shugabar ɗaki, akwai likita mai zagaye, akwai abokiyar aiki da za ta karɓi aiki da safe ta ga abin da aka bari ba a yi ba. A gida babu ko ɗaya daga cikinsu. Da ƙarfe uku na dare daga nas sai majinyacin da ba ya iya buɗe baki ya kai ƙara. Amana, gaskiya, rufin asiri da haƙuri, waɗanda ake karantawa a makarantar jinya, a nan ne suke zama abin da ake iya gani da ido a fatar mutum da kan takarda. Shi ya sa muka auna hidimar ta wannan fuska.

Tun kafin maganar hali, akwai maganar takarda, kuma a nan ne kamfanoni da yawa suke fara gazawa. Ba duk mai farar riga ce nas ba. Nas ta gaskiya tana da rajista da lasisi daga Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake kira NMCN, hukumar da dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, kuma ana sabunta lasisin duk shekara uku. Jami'an lafiya na al'umma, waɗanda aka fi sani a asibitocin sha-ka-tafi, suna da tasu hukumar daban da nasu iyakar aikin. Sai kuma rukuni na uku, waɗanda suka koyi allura da sa ruwa a wani ƙaramin asibiti ko kemis ba tare da makaranta ba, kuma majalisar ba ta san da zamansu ba. Ku nemi ganin lasisin, ku duba suna da hoto da ranar ƙarewarsa. Ba laifi ba ne a turo mataimakiya ta yi wanka da juyawa da canza kunzugu, matuƙar an faɗa muku mataimakiya ce kuma akwai nas da ke zuwa duba aikinta. Laifin shi ne a karɓi kuɗin nas a turo wadda ba nas ba. Idan farashin wani kamfani ya faɗo ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ku tambayi dalili, domin araha ba ta ado.

Ziyarar farko tana faɗa muku abubuwa da yawa. Nas mai kyau ba ta fara da taɓa komai sai ta gaida majinyacin kansa, ko da an ce ba ya gane mutane. Za ku ji ta ce, "Baba, sannunku da jiki, ni ce nas ɗin da za ta riƙa kula da ku." Daga nan ta nemi takardar sallama da duk magungunan da ke gidan, har da na gargajiya, ta gwada hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki, numfashi da suga, ta duba fata daga ƙeya har dunduniya. Babban mutum da ke hutawa bugun zuciyarsa yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki kuwa idan ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. Wannan dubawar tana cin kusan awa guda. Wadda ta gama cikin minti goma ba ta duba baya ba.

Bayan majinyaci shi ne babban ma'auni, don haka za mu daɗe a kansa. Mutumin da ba ya iya motsa kansa, nauyin jikinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Gyambon kwanciya ke nan, kuma yana iya farawa cikin 'yan awoyi. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin tsatso, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. A kan katifar gida ana juya majinyaci duk awa biyu, wato sau 12 a kwana guda, dare da rana. Ba a kwantar da shi tsaf a kan ƙashin kwatangwalo. Ana karkata shi ne kamar digiri 30, a tokare bayansa da matashi, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa shimfiɗa ba. Ba a jan sa a kan zanin gado, ɗaga shi ake yi da zanin, mutum biyu, domin ja yana sale fatar tsoho.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Littattafan jinya da yawa suna cewa a nemi wurin da ya yi ja, a danna da yatsa, idan bai yi fari ba to gyambo ya fara. A fatarmu baƙa jan ba ya fitowa yadda suke kwatantawa. Abin da nas ta gari ke nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana ƙyalli, ko ya fi sauran jiki zafi ko tauri idan an taɓa. Wannan yana buƙatar haske mai kyau da hannu, ba leƙe daga nesa ba. Idan aka samu irin wurin, ba a mulmula shi da man zafi, ba a gasa shi da ruwan ɗumi, ba a sa wannan zoben roba mai kama da taya, domin dukkansu ƙara kashe naman suke yi. Sauke nauyi daga wurin ake yi gaba ɗaya, a tsare shi daga fitsari da gumi.

Wasu kamfanonin suna haɗawa da hayar katifar iska mai injin hurawa. Katifar tana taimakawa, amma tana jawo sakaci iri biyu. Na farko, ana ɗauka ta ɗauke wa mutum juyawa, alhali rage yawan dannewa kawai take yi. Na biyu, idan aka ɗauke wuta a hankali iskar take saɓulewa, majinyaci ya koma kan abu mai tauri babu wanda ya lura. Nas mai kula tana zura hannu ƙarƙashin katifar daidai tsatso ta ji ko akwai iska tsakanin jiki da gado. Majinyacin da ya zo da fata lafiya ya yi wata guda a hannun nas har yanzu bayansa lafiya, wannan shaida ce da ba a iya ƙirƙira, domin ma'anarta an tashi cikin dare an juya shi lokacin da kowa ke barci.

Wannan kuma shi ya sa ba mu yarda da tsarin nas ɗaya ta tare a gida ta yi awa 24 kullum ba, duk da shi ne ya fi sauƙin kuɗi kuma iyalai sun fi son sa. Ɗan Adam ba zai iya farkawa duk awa biyu na tsawon makonni ya kuma yi aikin rana da hankalinsa ba. Ko mai tsoron Allah ce barci zai ci ƙarfinta. Ko dai a ɗauki biyu su raba dare da rana, ko a koya wa mutum biyu daga cikin gida su karɓi juyawar dare.

Ciyarwa ta robar hanci ita ce wurin da kuskure ke kashewa da sauri. Kafin kowane abinci ana ɗaga kan majinyaci digiri 30 zuwa 45, a duba alamar da aka yi wa robar daidai ƙofar hanci ko ta zame, a zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji a ɗiga a takardar gwajin tsami. Idan ta nuna 5.5 ko ƙasa da haka, robar tana cikin tumbi. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara da abin sauraren ƙirji ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, don robar da ta shiga huhu ma tana iya ba da irin wannan sautin. Ana wanke robar da ruwa kamar mililita 30 kafin abinci da bayansa, a cire matsin sirinjin a bar abincin ya sauka da kansa a hankali, yawanci mililita 200 zuwa 300 cikin minti 15 zuwa 30, gwargwadon abin da likita ya rubuta. Bayan an gama ana barin sa a jingine na aƙalla rabin awa. Nas mai gaggawa takan danna abincin da ƙarfi ta kwantar da shi nan take, ya yi amai, aman ya gangara huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama. Idan yana cikin cin abinci ya fara tari ko numfashinsa ya canza, tsayawa ake yi nan da nan. Abin da ya fi toshe robar kuwa shi ne kunu mai kauri da ba a tace ba da ƙwayar magani da ba a daka ta yi laushi ba. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba ma, masu narkewa a hankali cikin jiki ba a fasa su, sai a koma wa likita ya canza. Koko zalla kuma ba ya riƙe mai jinya. Ana buƙatar madara, ƙwai, waken suya ko gyaɗa a cikin abincin, idan ba haka ba fata ba ta warkewa. Bakin wanda ba ya cin abinci ta baki shi ma ana goge shi aƙalla sau biyu a rana, kuma wannan na daga ayyukan da aka fi tsallakewa don babu mai dubawa.

Robar fitsari ba ta da wuya: jakar tana ƙasa da mara amma ba a kan daɓe ba, kada robar ta lanƙwashe, a zubar kafin ta wuce kashi biyu cikin uku, a wanke wurin shigarta da sabulu da ruwa kullum. Mai nauyin kilo 60 ana sa ran ya yi aƙalla mililita 30 a awa. Idan awoyi suka wuce jakar ba ta ƙaru ba, ko fitsarin ya yi duhu da wari ga zazzaɓi, lokacin kiran likita ya yi.

Inda halin nas ya fi fitowa fili shi ne lokacin da iyali suka roƙi abin da bai kamata ba. Kowa ya san maganar: "Nas, jikin Hajiya ya yi sanyi, a sa mata ruwa ko leda ɗaya ce." Ko a ce a yi mata allurar ƙarfin jiki, ko a ba ta maganin barci don a samu a huta. Mai ciwon zuciya ko ƙoda idan aka ɗura masa ruwa ba bisa ƙa'ida ba, ruwan yana taruwa a huhu ya hana shi numfashi. Maganin barci kuma yana ƙara wa tsoho ruɗewa da sarƙewa. Nas mai amana za ta ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, ba zan sa ba sai likita ya rubuta, bari in kira shi yanzu." Iyalai da yawa suna jin haushin wannan amsar har su nemi a canza musu wata, su samu mai yin duk abin da aka ce. Wadda ta ƙi ɗin ita ce ya kamata a riƙe. Haka nan za ku ga tana wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60 kafin ta taɓa ciwo ko roba, ba ta yawo da safar hannu ɗaya daga kunzugu zuwa abinci, kuma allurar da aka yi amfani da ita tana shiga kwalin tara allurai kai tsaye, ba kwandon shara ba inda yara ke kaiwa.

Ga mai ciwon suga, ku tambaye ta tun ranar farko abin da za ta yi idan suga ya faɗi. Ƙasa da 70 a na'ura, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, faɗuwa ce. Idan yana farke yana iya haɗiya, ana ba shi sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya fita hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, asibiti ake nufa. Insulin ɗin da ba a buɗe ba yana zama a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a cikin wurin ƙanƙara ba. A zafin bazara na Afrilu da Mayu, ga rashin wuta, nas da ta san ƙasar za ta nemi wuri mai sanyi kamar gindin randa ta ajiye shi cikin mazubi rufaffe, ba za ta bar shi a kan taga ba.

Takardar aikin yau da kullum ita ce madubin gaskiyar nas, kuma karanta ta ba ya buƙatar ilimin likita. Hawan jinin mutum yana hawa yana sauka. Idan kuka ga 120 bisa 80 safe da yamma har mako guda, ba a gwada ba, rubutawa kawai aka yi. Idan lokutan juyawa duk sun faɗo daidai kan awa, babu ko minti biyar na bambanci, da biro ɗaya da rubutu mai kama da na zama ɗaya, da safe aka cike su. Takardar gaskiya tana da giɓi da bayani: an makara da maganin ƙarfe biyu saboda ya yi amai, an sanar da likita, ba a ninka na gaba ba. Nas da ke faɗin abin da ya kuɓuce mata kafin a gano ta fi wadda takardarta ba ta da aibu ko ɗaya. Iyalin da ke yi wa nas tsawa duk lokacin da ta faɗi gaskiya kuwa suna koya mata ɓoyewa ne da kansu.

Sutura da sirri su ma ana ganinsu a aikace. Wajen wanka ana rufe ƙofa, a fitar da 'yan dubiya, a buɗe sashen da ake wankewa kaɗai sauran jiki na lulluɓe. Dattijon da ya yi shekara saba'in babu wanda ya ga tsiraicinsa yana jin wannan ko da bakinsa ba ya furtawa. Ku faɗa wa kamfani tun farko idan kuna son namiji ga namiji, mace ga mace, domin nas maza ba su da yawa kuma sai an nema da wuri. Game da sirri, nas tana shiga har uwar ɗaka, tana jin rikicin gida, tana sanin cutar da wataƙila mai ita bai faɗa wa kowa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan majinyaci ba da izininsa ba sai a wasu keɓaɓɓun halaye, kuma ƙa'idar aikin jinya ta duniya, wadda aka fara rubutawa a 1953 aka sabunta a 2021, ta ɗora wa nas wannan nauyin. Matsalar da ta fi yawa yanzu ta waya ce. Ɗaukar hoton ciwo don a tura wa likita yana da amfani, amma da izini, ba tare da fuska ba, kuma ga likitan kaɗai, ba zauren WhatsApp na abokan aiki ba. Ku ayyana mutum ɗaya a gidan da za a riƙa ba wa rahoto, don kada kowane baƙo ya tsare ta da tambaya.

A ɓangaren addini hidimar gida ta fi asibiti sauƙi, idan an dace da mai fahimta. Nas ta gari, Musulma ce ko Kirista, tana tsara juyawa da canza kunzugu su zo kafin lokacin salla, ta taimaka da alwala ko taimama, ta fuskantar da shi alƙibla idan hali ya yi. Ba ta yi wa majinyaci wa'azin nata addinin, ba ta kuma raina abin da iyali suka yarda da shi. Idan aka kawo rubutu ko zamzam ga wanda ruwa ke sarƙewa, ba za ta bari a ɗura masa a baki ba, za ta bayyana haɗarin ta ba da shawarar a shafa masa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuwa tana rubuta su ta sanar da likita, musamman ga mai ciwon ƙoda. Masu ganin aikin jinya baƙon abu ne a wurinmu su tuna da Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo.

Raunin da ya rage na kamfanonin ne da na iyalai. Kamfanoni da yawa suna ajiye nas su tafi, babu mai zuwa duba aiki, babu likitan da za a kira cikin dare, kuma suna canza ma'aikata ba tare da miƙa bayani ba, sabuwa ta zo ba ta san maganin da ake sha ba. Wasu suna jinkirta albashi, ƙwararrun kuma suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Su ma iyalai sukan mayar da nas 'yar aiki, a aike ta kasuwa ko a ba ta wanke-wanke, lokacin juyawa ya wuce tana bakin murhu.

Hidimar ta dace da mai shanyewar ɓarin jiki da yanayinsa ya daidaita, da tsohon da ya karye a kwatangwalo, da mai gyambon suga da ke buƙatar wanki kullum, da wanda likitoci suka ce saura kulawa da rage raɗaɗi. Ba ta dace da wanda numfashinsa ko hawan jininsa ke sauyawa awa-awa ba, wannan na gadon asibiti ne. Kafin ku biya, a rubuta muku sunan nas da lambar lasisinta, awoyin aikinta, wanda zai maye gurbinta ranar hutu, ranar da mai duba aiki zai riƙa zuwa, wanda zai sayi safar hannu da auduga da kunzugu, likitan da za a kira, da asibitin da za a nufa idan baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe ko numfashi ya yi wuya. Ku fara da yarjejeniyar mako biyu, wani daga cikin gida ya riƙa tsayawa lokacin wankan safe yana duba bayan majinyacin da idonsa, sannan ku yanke shawarar tsawaitawa.